Kwamfuta ko Injiniya? Ɗan Doma Ya Yi Tunani Kafin Ya Cike Fom

Duk shekara da JAMB ta buɗe rajista, za ka ga samari da 'yan mata daga Doma sun cika motocin Lafiya, kowa da kuɗin fom a aljihu. Abin takaicin shi ne da yawansu sai sun zauna gaban mai cike fom sannan suke tunanin abin da za su karanta. Wannan ya ce kwamfuta, don ya ji ana samun dala ta intanet. Wancan ya ce injiniya, don tsohonsa na son a riƙa kiransa baban Injiniya, balle ga Gwamna Abdullahi Sule yana ɗauke da laƙabin.

To, a sani: duka biyun kan lissafi aka gina su. Yaron da ya guje wa injiniya don tsoron lissafi ya faɗa kimiyyar kwamfuta, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. Karatun kimiyyar kwamfuta ba koyon buga takardu ba ne, ba kuma gyaran waya ba. Tsara manhaja ne da sarrafa bayanai, shekara 4. Injiniya shekara 5 ce, kuma a JAMB sai an rubuta Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Mai neman kwamfuta shi ma yana buƙatar ukun farko, na huɗun ne kawai ake sassautawa. Kuskuren darasi ɗaya ya isa ya jawo asarar shekara guda. Akwai kuma injiniyan kwamfuta, kwas ne dabam mai shekara 5, wanda ya fi karkata ga ƙirar na'urar kanta. Sunayen nan na ruɗa iyaye ƙwarai.

Sai batun da aka fi sakaci da shi. Ko Jami'ar Tarayya ta Lafiya ka nufa, ko ta jiha da ke Keffi, ko ABU Zariya, ka tambaya: hukumar NUC ta amince da wannan kwas ɗin? In na injiniya ne, COREN ta tantance shi? Ita ce ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, kuma wanda ya fito daga sashen da ba ta tantance ba zai sha wahala kafin sunansa ya shiga kundinta.

Ina aikin yake? Injiniya ba sai ya yi nisa ba. Ga gonar shinkafar Olam a Rukubi da injinanta da hanyoyin ban-ruwa, ga madatsar ruwa ta Doma, ga masana'antar sarrafa ma'adinin litiyam da aka buɗe a ƙaramar hukumar Nasarawa a 2024. Guraben dai ba su kai yawan masu nema ba, kada a yaudari kowa. Mai kwamfuta kuwa yana iya zama a Doma ya yi wa kamfanin Legas aiki, amma manhajar da ya gina za a fara tambayarsa kafin takardar digiri. Wannan na nufin kwamfutar kansa tun daga aji ɗaya, da kuɗin data, da hanyar caji ranar da babu wuta. Uban da bai sa wannan cikin lissafi ba zai ga ɗansa yana haddace shirin kwamfuta a littafi, ya gama bai taɓa gwada shi ba.

A ganina, wanda ke da ƙarfi a Fiziks da Kemistiri kuma har yanzu zuciyarsa ta rabu biyu, ya ɗauki injiniya. Injiniya na iya koyon rubuta manhaja daga baya a ɗakinsa. Mai digirin kimiyyar kwamfuta ba zai koyi ginin gada ta YouTube ba.

Iyaye, ku zauna da malamin lissafin yaranku, ku buɗe kundin kwasa-kwasan JAMB tare, tun kafin a hau motar Lafiya.