Yadda za a kori tururuwa daga ɗaki ba tare da an cutar da yara ba

A zagayen da muke yi gida-gida tare da jami'ar kariya, inda nake yi mata tafinta, kusan kowace uwa sai ta yi kukan tururuwa da kiyashi. Sun shiga sukari, sun shiga mai, sun hana yara barci. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne yadda muka ga kwalaben maganin ƙwari na gona a ajiye kusa da shimfiɗar yara.

Me ke kawo su ɗaki?

Tururuwa tana zaune ne a rami, tare da uwarsu mai yin ƙwai. Idan ruwan sama ya cika ramin, sai su nemi busasshen wuri, kamar ƙarƙashin tabarma ko gindin bango. Idan guda ɗaya ta sami abinci, tana barin wani wari a ƙasa a hanyarta ta komawa, sauran kuma su bi wannan warin. Shi ya sa kuke ganinsu a layi. Kashe waɗanda ke kan layi ba ya ƙarar da su, domin uwar tana can tana ƙara haihuwa. Maganin shi ne a hana su abinci, a kuma goge hanyar.

Abin da za a yi

1. A zuba sukari, gari da garin kunun yara a roba ko gwangwani mai murfi. Idan babu, a ɗaure bakin leda sosai, a rataye ta.
2. Kada buhun hatsi ya taɓa ƙasa ko bango. A ɗora shi a kan katako ko duwatsu.
3. A jiƙa tsumma da ruwan sabulu, a goge duk inda layinsu ya bi, har zuwa inda suke shigowa. A maimaita kwana 2 ko 3.
4. A toshe ramin da laka, a zuba busasshiyar toka a gindin bango. Idan ta jiƙe, a sake.
5. Idan akwai teburi ko gado, a sa kowace ƙafa a cikin gwangwani mai ɗan ruwan sabulu. A riƙa canza ruwan, kada sauro ya hayayyafa a ciki.
6. Hatsin da suka shiga bai lalace ba. A shanya shi a rana, za su fice da kansu.

A wanke kwanuka kafin a kwanta. A goge wa jariri baki da wuya bayan ya sha nono, haka ma yaron da ke shan abincin gyaɗa na tamowa, domin maiƙo da zaƙi suna jawo kiyashi.

Abin da ba za a yi ba

Kada a yayyafa piya-piya ko maganin feshin gona a ɗakin kwana. Yana shiga jiki ta numfashi da ta fata, kuma ɗakunanmu ƙanana ne, yara suna rarrafe a ƙasa suna sa hannu a baki. Ƙwayar da ake sa wa buhun wake ta fi haɗari: da ta ji danshi sai ta saki iska mai guba, wadda za ta iya kashe mutanen da ke barci a rufaffen ɗaki. Kada kuma a zuba kananzir ko fetur a rami. Tanti da zana ba su da wuyar kama wuta, kuma gobarar gida ɗaya ta maƙwabta ce.

Idan yaro ya sha ko ya shaƙi magani

Alamomin su ne yawan miyau, gumi, amai, rawar jiki da wahalar numfashi. A fitar da shi wurin iska, a cire masa kayan da maganin ya taɓa, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a tilasta masa amai. A garzaya da shi asibitin sansani nan take, ko da dare ne, a tafi da kwalbar domin ma'aikatan lafiya su san abin da ya sha.

Idan tururuwa ta shiga kunnen yaro, kada a sa tsinke, a kai shi asibiti. Cizon cinnaka kuwa, a wanke wurin a ɗora tsumma mai sanyi. Amma idan fuska ko leɓe ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, wannan ma na gaggawa ne.

Wanda ya karanta, don Allah ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya karatu ba. Tsofaffi da masu naƙasa da ba za su iya toshe ramuka da kansu ba, a sanar da shugaban unguwa ko ofishin kariya.

Allah ya tsare mana zuri'a, ya sa mu ga ƙarshen damina lafiya.