Rufin Asiri: Tsakanin Gumin Kai da Jiran Gwamnati

Idan aka tambayi magidanci Bahaushe abin da ya ke roƙo a duniya, da wuya ya ce farin ciki. Abin da ya kan ce shi ne rufin asiri. Ma'anarsa kuwa ita ce mutum ya iya ci da iyalinsa, ya yi musu sutura, ya yi suna, ya aurar, ya biya bashi, ba tare da ya tsaya a ƙofar wani yana murza hannu ba. Watau a wurin Bahaushe kwanciyar rai tana haɗe da kuɓuta daga roƙo, shi ya sa ya ke cewa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. To, yaya aka yi jama'ar da ke da wannan karin magana ta wayi gari kalmar da ta fi yawa a bakinta ita ce "Gwamnati ta taimaka mana"? Waɗansu su kan ce lalaci ne. Tarihin gyaɗa bai goyi bayansu ba.

Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911. Turawan mulki sun sa rai manoman Arewa za su duƙufa kan auduga domin masaƙun Ingila. Manoma suka yi nasu lissafi, suka ga gyaɗa ta fi kuɗi, ba ta cinye ƙarfin ƙasa, in kuma kasuwa ta faɗi a ci ta a gida, auduga kuwa ba ta shiga tukunya. Fataken Kano da suka gwanance da cinikin goro na Gwanja suka baza yaransu ƙauyuka da gishiri da tufafi, suna ba da bashi a kan amfanin baɗi. Daga 1912 gyaɗa ta cika tasha har jirgi ya kasa kwashewa. Dalar gyaɗar da aka san Kano da ita, da attajirai irin su Alhassan Ɗantata, duk daga wannan shawara ta manoma suka fito, ba wani Razdan da ya ba da umurni.

A wancan zamani hukuma ce ta dogara ga talaka. Haraji da jangali su ne ke cika baitulmalin En'e. Da aka kafa hukumar sayen gyaɗa cikin 1949, wadda ta koma hannun Jihar Arewa cikin 1954, sai ta riƙa yanka wa manomi farashi ƙasa da na kasuwar duniya, ta ajiye rarar. Da irin wannan rara aka yi ayyuka da yawa, har da masaƙar Kaduna da ta fara aiki cikin 1957. Manomi ya san da guminsa a ciki, ko da ya ke ba a nuna masa lissafin ba.

Siyasar lokacin ma ta bi wannan hali. Jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano cikin 1950 ba roƙon rabo ta ke yi ba. Sawaba ta ke nema, watau a sauke wa talaka nauyi: a daina aikin tilas a gandun masu sarauta, a daina zalunci wajen karɓar haraji, alƙali ya yi gaskiya. Gwamnatin NPC kuma taken da ta ɗauka wa Jihar Arewa shi ne Aiki da Ibada. Sun yi gaba mai tsanani, amma dukansu sun ɗauka talaka shi zai ci da kansa. Gardamarsu a kan wanda ke cin guminsa ne.

Abin ya juya cikin 'yan shekaru kaɗan. Fari ya auka wa ƙasar daga 1972 zuwa 1974, cuta ta cinye gyaɗa cikin 1975, a daidai lokacin kuma farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabi. Kuɗi ya riƙa gangarowa daga Ikko zuwa jihohi. Ma'aikata suka sami ƙarin albashin Udoji, aka buɗe makarantun firamare kyauta cikin 1976, a shekarar nan kuma shirin ciyar da ƙasa na Janar Obasanjo ya yawaita takin zamani a kan araha. Cikin 1979 gwamnonin PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji. Talakawa sun yi murna, kuma suna da hujja, gama an daɗe ana wulakanta su a kansa. Sai dai igiya ɗaya ta tsinke a nan: hukumar da ba ta bukatar kuɗin mutum ba ta cika bukatar jin ta bakinsa ba, shi kuma ya daina ganin kayanta nasa ne. Rijiyar da gari ya haƙa da gayya a kan yashe ta kowace shekara. Famfon da Gwamnati ta kafa, in ya lalace, sai a zuba masa ido, a ce kayan Gwamnati ne.

Taki shi ne ya fi nuna yadda wannan ke taɓa rai. Manomin da ke kai takin gida gona da jaki tun rani shi ke riƙe da lokacinsa. Wanda ke jiran buhun rahusa, lokacinsa na hannun kansila da shugaban jam'iyya. Sau da yawa takin ba ya zuwa sai gero ya wuce lokacin bukatarsa, sa'an nan a raba buhu ɗaya tsakanin mutane da dama. Ko ya samu, da fadanci ya samu, abin da rufin asiri ke gudu ke nan. Ƙuri'arsa ma ta zama abin ciniki, domin yanzu tambayarsa ga ɗan takara ita ce me zai kawo.

Amma fa masu wa'azin dogaro da kai su ma su kan wuce gona da iri. Da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona cikin 1986, da kuma da aka janye tallafin man fetur cikin 2023, an ce wa jama'a kowa ya tashi ya nemi na kansa. Akwai abubuwan da mutum ɗaya ba ya iya yi wa kansa kome himmarsa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Manoman 1912 sun yi dabara, amma ba su suka shimfiɗa dogo ba, kuma sun kai kayansu tasha ba mai tare su a hanya. A ƙauyuka da dama na Zamfara da Katsina da Sakkwato an kai ga manomi yana biyan 'yan bindiga kuɗi kafin ya yi shuka, ya sake biya kafin ya yi girbi. Wannan mutum yana da garma da iri da ƙarfin jiki, harajin da aka soke wa ubansa kuma ya dawo masa ta hannun wanda ba ya gina asibiti, ba ya yanke shari'a.