Wa Ke Raba Suna a Ƙasar Hausa?

A ƙasar Hausa ta da, mutum ba ya yin suna da kansa, sai an yi masa. Sarki yana da makaɗansa, manomi yana da nasa, haka ma ɗan dambe. Ba don makaɗi Ɗan Anace ba, da wuya a ce har yau ana ambaton ɗan dambe Shago, kuma mutane da dama ta bakin Narambaɗa suka san Sarkin Gobir na Isa Ahmadu. Masanin zamantakewa M. G. Smith, a nazarin da ya wallafa a 1957 kan roƙo a ƙasar Hausa, ya nuna cewa maroƙi ke ɗaga darajar mutum ko ya kayar da ita da zambo, amma shi kansa can ƙasa aka ajiye shi a jerin masu sana'a. Ana tsoron bakinsa, ana cika masa aljihu, amma ba kowane gida ke ba shi 'ya ba.

Masu nazarin shahara a ƙasashen Turai da Amurka sun daɗe suna tambayar yadda ake ƙera tauraro. A farkon harkar fim a Amurka, kamfanoni ba sa bayyana sunayen 'yan wasa, gudun kada su nemi ƙarin kuɗi. A 1910, bayan wani mai kamfani, Carl Laemmle, ya ɗauko 'yar wasa Florence Lawrence, aka baza jita-jitar cewa ta mutu a hatsari, sannan ya fito a jarida ya ƙaryata. Ta wannan dabara sunanta ya zama haja. A farkon shekarun 1960 ɗan tarihi Daniel Boorstin ya koka cewa zamani ya kawo mutanen da ba su da wata bajinta sai dai kawai an san su. Shi kuwa Richard Dyer na Ingila, a littafinsa na 1979 kan taurarin fim, ya duba ta wata fuska: tauraro ba mutum ɗaya ba ne, hoto ne da ake haɗawa daga fina-finai da talla da hira da tsegumi, kuma a kansa jama'a ke sauke damuwar da ke cin su.

Wannan ra'ayi na Dyer ya fi dacewa da abin da ya faru a ƙasar Hausa. Rediyo da faifai da kaset su suka fara juya lamarin. Mamman Shata ya wasa sarakuna da attajirai da direbobi, amma daga ƙarshe sunansa ya shafe na mafi yawan waɗanda ya wasa, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Mai raba suna ya zama mai suna.

Fim ɗin bidiyo ya ƙarasa aikin. Bayan Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, da Sangaya a ƙarshen shekarun 1990, matasan da suka tashi da kallon fina-finan Indiya a silima sun sami taurari masu magana da harshensu. Mujallu irin su Tauraruwa da Fim, wadda ta fara fitowa a 1999, suka riƙa kawo labarin aure da saki da saɓanin 'yan wasa. Hotunan Ali Nuhu da Fati Muhammad da Rabilu Musa Ibro suka cika shagunan aski da bayan motocin haya, daga Kano har Maraɗi da zangon Kumasi.

Sai dai tsohon kallon da ake yi wa maroƙi bai gushe ba, gadonsa 'yan fim suka yi. Gidan da ake kwana ana kallonsu, nan ne ake faɗin "ɗan fim" da sigar raini. An kafa hukumar tace fina-finai ta Jihar Kano a 2001, jim kaɗan bayan ƙaddamar da shari'a. A 2016 gwamnatin tarayya ta janye shirin gina alƙaryar fim a Kofa bayan malamai da jama'a sun nuna adawa. A shekarar ce kuma ƙungiyar masu shirya fim ta kori Rahama Sadau saboda fitowar da ta yi a bidiyon wata waƙa. Nauyin nan ya fi danne mata: namiji ya yi aure ya ci gaba da sana'arsa, mace kuwa galibi aure ke raba ta da ita. Muhawarar da ake yi kan suturar 'yar fim, a gaskiya muhawara ce kan tarbiyyar 'ya'ya mata, da kunya, da iyakar abin da za a karɓa daga waje.

Yau wayar hannu ta kawar da masu tsaron ƙofa. Yarinya ko yaro na iya tara mabiya a TikTok ba tare da furodusa ko mujalla ba, kuma shiri irin Labarina ya isa ga masu kallo ta YouTube. 'Yan siyasa da a da ake yi wa kiɗa, yanzu su ke neman taurari su hau mumbari tare da su, kamar yadda waƙoƙin Rarara suka nuna a zaɓukan baya. A 2024 aka naɗa Ali Nuhu shugaban hukumar fina-finai ta Najeriya.

Abin lura shi ne, ikon raba suna ya bar hannun fada da kamfani, ya koma hannun mai kallo. Duk wanda ya danna, ya yaɗa, ko ya zaga, ya ƙara wa wani suna, domin na'urorin nan ba sa bambanta yabo da zagi, yawan kallo suke ƙirgawa. Saboda haka mai kukan cewa marasa kunya sun fi malamai da masu sana'a shahara, ya kamata ya fara duba abin da shi kansa yake buɗewa a wayarsa.