MASU SAURARO SUN YI YAWA, INA MASU MAGANA?

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙon fili kaɗan cikin jaridar nan tamu domin in jawo hankalin malamai da akawuna da masu koyarwa bisa wani ilmi wanda sauran ƙasashe suka riƙe da hannu biyu, mu kuwa nan Arewa ko sunansa da ƙyar a ke ji, watau wayar iska ta 'yan sha'awa.

Kowa ya sani da wuya a sami mutanen da suka fi mu son rediyo. Tun da BBC ta buɗe sashen Hausa cikin 1957, aka kuma kafa gidan rediyon Kaduna cikin 1962, akwatin nan ya zama abokin manomi da makiyayi da mai shayi. In ka bi Unguwar Shanu da sassafe, rumfa kaɗan za ka wuce ba ka ji ana sauraro ba. Amma fa duk ji ne kawai, waɗansu ke magana, mu namu kasa kunne. To, ɗan sha'awa shi ne mutumin da ya koyi ilmin abin, ya karɓi takardar izni daga Gwamnati, ya kafa 'yar tasharsa cikin ɗakinsa, yana magana da 'yan'uwansa na nesa suna amsa masa, ba don neman kwabo ba.

Asalin al'amarin akwai abin lura. Cikin 1912 Gwamnatin Amurka ta yi doka ta tura masu wannan sha'awa zuwa zangon da ya gaza mita 200, gama a lokacin ana tsammanin ba shi da wani amfani. Ba su yi fushi sun bari ba, suka yi ta gwaji. Cikin Nuwamba 1923 wani mutumin Faransa, Leon Deloy, da wani Ba'amurke, Fred Schnell, suka yi magana da juna da bugun waya, teku na tsakaninsu. Ashe gajeren zangon da aka raina shi ya fi zuwa nesa. Cikin 1925 suka kafa ƙungiyarsu ta duniya a Paris, ana ce mata IARU, tamu ta Nijeriya kuwa NARS. Ko wace ƙasa tana da harufan da a ke gane mutanenta da su. Namu 5N, Nijar 5U, Gana 9G, Kamaru TJ. Zamanin mulkin Turawa na Nijeriya ZD2 ne. Har sarakuna sun shiga. Marigayi Sarki Husaini na Jodan, sunan kiransa JY1, talakawan ƙasashe da yawa sun yi taɗi da shi ta iska.

Yanzu bari in bayyana yadda iska ta ke a nan Kaduna, domin mai son farawa ya san lokacin da zai zauna gaban na'ura. Can sama, kamar mil 150 zuwa 250, akwai wani rufi na iska wanda hasken rana ke cika shi da lantarki. Maganar gajeren zango ta kan hau ta buge shi ta komo ƙasa da nisa, kamar yadda madubi ke mayar da haske. Ƙarƙashinsa akwai wani rufin wanda ke shanye maganar dogayen zanguna da rana, in dare ya yi ya watse. Shi ya sa tashoshin nesa su ke fitowa sarai da dare. Saboda haka zangon mita 40 da rana na maƙwabta ne, kamar Kano da Sakkwato da Damagaram, in rana ta faɗi sai ya miƙa nesa. Mita 20 shi ne babban titin da ke kai mutum ƙasashen Turai da Amurka, ya fi kyau da safe da kuma daga la'asar zuwa dare. Mita 15 da mita 10 kuwa sai rana tana da ƙarfi. Ƙarfin nan yana hawa da sauka wajen ko wace shekara 11, gwargwadon yawan tabon da ke bayyana a fuskar rana. Zagayen da mu ke ciki ya soma cikin Disamba 2019, ya kai ganiyarsa wajen 2024, daga nan sai gangara. Wanda ya yi jinkiri zai tarad da zangunan nan biyu sun yi sanyi.

Damina da rani kuma ko wanne da halinsa. Da damina walƙiya ta kan cika mita 80 da mita 40 da ƙara, ko hadarin yana can nesa. In kuwa ya taso kanka, cire eriya tun da wuri, kada tsawa ta bi waya ta shigo ɗaki. Da hunturu iska ta kan yi tsit, magana ta fito tangaran, amma ƙurar nan busasshiya tana tara lantarki a jikin waya har ta yi tartsatsi, sai a haɗa ta da turken ƙarfe a kafa cikin ƙasa. Babban abokin gaba a unguwa mai cunkoso irin tamu shi ne ƙarar janareta da inbata da cajojin waya masu araha. Maganinta batir da farantin hasken rana, da ɗaga eriya nesa da wayoyin lantarki. Eriyar kanta ba wani abin tsada ba ne, wayar tagulla ƙafa 33 ta isa mita 20, ƙafa 66 ta isa mita 40. Tun 2019 kuma akwai tauraron ɗan'adam na ƙasar Katar, QO-100, wanda ke tsaye bisa Afirka, 'yan sha'awa suna magana ta cikinsa dare da rana da faranti irin na talabijin.

Watakila wani ya ce, ina amfanin wannan wahala ga waya cikin aljihu? Amsa ita ce, wayar aljihu baiwar turken kamfani ce, in ya yi shiru ta zama dutse. Mun ga haka cikin 2021 sa'ad da hukuma ta rufe layukan waya a Zamfara da waɗansu sassan Jihar Kaduna saboda 'yan bindiga. Wannan da dalili aka yi, ba kuwa mai cewa a keta umurni. Amma ya nuna mana yadda gari ke kurumcewa dare ɗaya. Ruwa ma yana iya yin haka ba da shawara da kowa ba. Madatsar Alau ta ɓalle cikin Satumba 2024 ta cinye Maiduguri, kogin Kaduna kuma ba yau ya fara shiga gidaje ba. Sa'ad da igiyar teku ta afka wa tsibiran Andaman na Indiya cikin 2004, da sa'ad da ƙasa ta girgiza a Nepal cikin 2015, 'yan sha'awa suna cikin waɗanda suka riƙa kai saƙo da na'urorinsu da batir. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai masu tsoron kada a ɗauke su marasa gaskiya in an gan su da na'ura. Tsoron yana da hujja a wannan zamani, maganinsa kuwa bin doka. Ɗan sha'awa ba ya aika magana sai da takardar izni. Tilas ya faɗi harufan kiransa, ba ya magana a ɓoye cikin zaurance, ba ya ciniki, ba ya watsa kiɗa. Ko wane mai akwati yana iya jin abin da ya ke faɗi. Sauraro kuwa shi ne matakin fari, ba sai da na'urar aikawa ba. Tun 2003 dokar duniya ta daina tilasta koyon bugun Morse, hanya ta ƙara sauƙi.

Shawarata ga 'yan'uwa ita ce mu haɗu mu kafa ƙungiya a nan Kaduna ta Arewa, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Malaman lantarki na Kaduna Polytechnic da na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya su koya mana ilmin. Maƙeran Panteka su ƙera mana turaku. Masu gyaran rediyo na kasuwa, waɗanda hannunsu ya riga ya san dalma, su zama na gaba. Shugabannin makarantu su kawo 'yan Sikawut, domin tun 1958 'yan'uwansu na duniya ke gaisawa ta iska ko wace shekara, yanzu cikin Oktoba. Mu sanad da hukuma da masu unguwa tun ran fari, mu riƙa rubuta ko wace magana cikin littafi da ranarta da lokacinta, aikin da akawu ya fi kowa iyawa.

Wanda ya riga ya mallaki takardar izni a Arewa, ina roƙonsa ya rubuto wa Edita ya bayyana mana hanyar samunta, domin na baya su bi sawu. Allah ya sa mu dace, amin. Haza wasalam.

Naka,
Wani Akawu,
Unguwar Shanu, Kaduna.