Me ya sa ƙasashe ke rububin ƙera ƙwaƙwalwar na'ura a gida?



A cikin wayar da ke aljihunmu, da motar da muke hawa, da na'urorin asibiti, akwai wani ɗan falle mai girman farce wanda shi ne ƙwaƙwalwar na'urar. Ana yin sa da silikon da ake tacewa daga yashi, sannan a zana masa ƙananan makunnan lantarki, waɗanda a wayar zamani sukan kai biliyoyi. Da ya yi ƙaranci a 2021, sai da manyan masana'antun motoci suka dakatar da aiki. A nan ne gwamnatoci suka farga cewa mafi ingancinsa kusan duka daga tsibirin Taiwan yake fitowa.

Amurka, inda aka ƙirƙiro wannan fasaha, tana ƙera kashi 37 cikin ɗari na abin da duniya ke samarwa a 1990, amma zuwa 2020 ya koma kashi 12. Saboda haka a watan Agusta 2022 shugaba Joe Biden ya sa hannu a kan dokar da ta ware sama da dala biliyan 52 don dawo da masana'antar gida. Sin ta kafa babban asusu tun 2014, Indiya ma ta ware kimanin dala biliyan 10 a 2021.

Sai dai mu lura, kuɗi kaɗai ba ya gina wannan masana'anta. Tana buƙatar wutar da ba ta ɗaukewa, da ruwa mai matuƙar tsabta, da injin zane mafi ci gaba wanda kamfani ɗaya tak ke ƙerawa, wato ASML na ƙasar Holan. Sama da duka, tana buƙatar ƙwararru. A 2023 kamfanin TSMC na Taiwan ya ɗage fara aikin masana'antarsa ta jihar Arizona a Amurka, ya ce dalili shi ne ƙarancin ƙwararrun ma'aikata.

To, ita Taiwan yaya ta yi? Da mutane ta fara. A 1973 gwamnati ta kafa cibiyar binciken fasaha ta ITRI. A 1976 ta tura matasan injiniyoyi kamfanin RCA a Amurka, suka koyo aikin suka dawo. Sai a 1987 aka kafa TSMC ƙarƙashin jagorancin Morris Chang, gwamnati ta zuba kusan rabin jarin farko. Daga kafa cibiyar zuwa kafa kamfanin, shekara 14 ke nan.

Ya ku ɗalibai, ga abin lura: gini da injina ana sayensu da kuɗi, amma injiniyan da zai sarrafa su sai an yi shekaru ana koyar da shi lissafi da kimiyya. Duk ƙasar da ke son masana'anta gobe, ajin karatu za ta fara gyarawa yau.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani. Wassalam.