Daga Gonakin Kudu Zuwa Gidan Korau

Shirin musamman na wannan mako ya dubi ziyarar da iyali daga ƙasar Funtua da Malumfashi kan kai birnin Katsina bayan kaka, lokacin da masara ta shiga rumbu, aka kai auduga da waken soya kasuwa, har magidanci ya sami sukunin ɗaukar iyalinsa su bi ta Yashe da Kankiya zuwa birnin Dikko. Galibin masu wannan tafiya asibiti ko biki ko wata takarda ke kai su, su juyo ba su taka wurin tarihi ko ɗaya ba, alhali sarautar da suke kai wa gaisuwa a gida reshe ce ta fadar Katsina, domin hakimin Malumfashi shi ne Galadiman Katsina, na Funtua kuwa Sarkin Maska.

Wurin da ya fi cancantar a fara da shi shi ne Gobarau, hasumiya, wato dogon ginin da ladan kan hau ya kira salla, wadda tsawonta ya kai kimanin mita 15, kuma ruwayar Katsinawa ke danganta ta da zamanin Muhammadu Korau, sarkin Katsina Musulmi na farko, a ƙarni na 15, ƙarnin da Shehu Magili ya ziyarci birnin. Masallacin da take jikinsa ya kasance makaranta, ita kuma daga samanta ake hangen ƙurar maƙiya. Ɗan manomi ba ya buƙatar dogon bayani a nan, saboda ya tashi yana ganin mahaifinsa na yaɓe rumbu kafin damina, ya san ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da hannun da ke koma masa a kai a kai, don haka da ya shafa bangon zai gane cewa ɗaruruwan shekarun da Gobarau ta yi a tsaye aikin magina ne bayan magina.

Ganuwa, wato katangar ƙasar da ta kewaye birni don tsaro, ba ta sami wannan gata ba. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Katsina a 1851 ya ƙiyasta kewayenta da fiye da mil 13, amma yau ruwan sama da masu ɗibar ƙasa da masu gine-gine sun cinye mafi yawanta, sai sunayen ƙofofi irin su Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Guga da Ƙofar 'Yanɗaka. Wannan asara ce mai ciwo, kuma ba baƙo ne ya jawo ta ba.

A Ƙofar Soro, gaban Gidan Korau, wato fadar sarki, uba zai iya warware wa 'ya'yansa yadda mulki ya sauya hannu, tun daga 1807 da Ummarun Dallaje ya karɓi birnin da tutar jihadi, sarakunan Haɓe suka ƙaura har suka kafa Maraɗi, zuwa 1906 da sarauta ta koma gidan Muhammadu Dikko, wanda zuriyarsa ke kan karaga har yau. Nan ne hakiman kudu ke zuwa da dawakinsu su yi jafi a hawan salla, jafi kuwa shi ne gaisuwar mahaya ga sarki cikin sukuwa da ɗaga hannu.

Saura tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu, wadda yanzu ta zama gidan adana kayan tarihi. Sau da yawa ita ake sadaukarwa, domin rashin tsaro ya koya wa mutanen kudu kada dare ya riske su a hanya, saboda haka da an idar da azahar uwargida kan fara tattara yara zuwa tasha.