Baƙin rami a kan teburin gwaji

Duk tsananin hunturun da ke sa mutanen Maigatari da Gagarawa kwana a bakin wuta, bai kama ƙafar sanyin da masana fiziks ke haɗawa a ɗakin gwaji ba. Sanyi yana da iyaka: digiri 273.15 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salsiyos. A 1995, a garin Boulder na Amurka, Eric Cornell da Carl Wieman suka sanyaya ƙwayoyin zarra na rubidiyam da hasken lesa da maganaɗisu, har abin da ya rage su taɓa iyakar bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na digiri guda ba. Nan ƙwayoyin suka daina watsuwa, suka dunƙule suka zama ɗan gajimare mai motsi tamkar abu ɗaya, yadda Bose da Einstein suka hango tun shekarun 1920.

Wannan ɗan gajimare yana gudana ba tare da gogayya ba, kuma a nan amfaninsa yake. Lissafin da ke bayyana tafiyar sauti a cikinsa ya yi kama da na tafiyar haske a bakin baƙin ramin sararin samaniya, inda ko haske ya faɗa ba ya fitowa. William Unruh ne ya fara gano irin wannan kamanni a 1981, a lissafin ruwa mai gudana. Idan aka sa wani sashe na gajimaren ya gudu fiye da saurin sauti, duk sautin da ya shiga ciki ya maƙale ke nan. Da wannan dabara Jeff Steinhauer na jami'ar Technion da ke Haifa ya ba da rahoto a 2016 cewa ya ga irin tiririn da Stephen Hawking ya ce baƙin rami na fitarwa, abin da har yau na'urar hangen nesa ba ta kamo ba.

Ba shakka kwaikwayo ne, kuma masana sun yi ta muhawara a kan sakamakon. Amma a ganina wannan bai rage masa daraja ba, domin lissafin da ya daɗe a kan takarda ya samu inda za a gwada shi, a sake gwadawa.

Malaman kimiyya na Kwalejin Ilimi ta Gumel, don Allah ku kai wa ɗalibanku wannan labari. Su ne za su shiga azuzuwan Sule Tankarkar gobe, kuma ya kamata yaranmu su san cewa fiziks bai tsaya a kan abin da ke fitowa a jarrabawa ba.